Ƙamshin Tazargade a Landan

Tun da na dawo, ba ranar da za a tashi daga Islamiyya ba a tare ni a bakin ƙofa ba. Wannan ta ce in ba ta labarin sanyi, waccan ta ce wai da gaske ne jirgi a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya. Sai in ba su na sama-sama in wuce, don akwai wanda na danne a ciki. Yanzu na nemi izinin Inna, mahaifiyarmu, ta ce in rubuta duka, ai ba a kanmu aka fara haihuwa ba. To ga shi nan, da mai daɗin da marar daɗin.

Dalilin tafiyata biyu ne. Wanda kowa ya sani shi ne ƙanwata Hadiza, da mijinta yake aikin likita a can, ta haihu bayan shekara bakwai ana jira. Hawan jini da ciwon gwiwa sun hana Inna tafiya, sai aka ce ni in je in yi mata wankan jego. Na biyun kuwa autanmu ne, Habibu. A bayana ya girma, ni nake yi masa wanka, ni na fara kai shi makarantar allo. Shekararsa huɗu a Landan yana karatun adabin Turawa. Da tallafin karatunsa ya yanke, ya rubuto cewa ya sami aiki a cikin littattafai. Daga nan wasiƙunsa suka riƙa gajarta, har suka koma gaisuwa da sa hannu.

Ana gobe zan tafi Inna ta kira ni ɗakinta, ta kama hannuna.

"Rabi, ba ji na aike ki ba, gani na aike ki. Ki taka wurin aikin nan da ƙafarki. Abin da idonki ya gani shi za ki kawo mini, kada ki rage komai don tausayina."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ta zauna mini a ƙirji tun daga filin jirgin Kano har muka sauka.

Ba zan ce komai a kan jirgi ba, don ban gan shi ba. Idona a rufe yake, carbi na hannuna. Abincin da aka kawo ma biredin kaɗai na ɗauka. Na tambayi ma'aikaciyar ina gabas, ta yi murmushi ta ce gabas ɗin ma tafiya take yi.

A wurin masu duba kaya aka tsayar da ni. Wata Baturiya mai safar hannu ta zuge jakata, daddawa ta yi mata sallama, har ta ja da baya. Ta ɗaga ƙullin kuka, ta ɗaga na kanwa, ta ɗaga garin gero, kowanne ina cewa na miya ne, na kunu ne, da ɗan Turancina na sakandare da ya shekara ashirin a ajiye. Da ta zo kan ƙullin tazargade ta buɗe ta shaƙa, ta yi atishawa sau uku. Na ce mata na mai jego da jariri ne. Ta mayar. Kilishin da Inna ta aika takanas aka yi wa Habibu kuwa, shi ta ɗauke, ta jefa a wani ƙaton kwando a gabana, ta ce ta yi haƙuri, doka ce. Ita ta zubar, ita ta ba da haƙuri. Na tsaya ina kallon kwandon har sai da na baya ya taɓa ni.

Hadiza a wata unguwa take da ake kira Edmonton, a hawa na tara. Rijiya babu, tsakar gida babu, shanya ma a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki ake yi. Wankan jego ya zama abin tausayi. Ba itace, ba ganyen darbejiya, ba ƙatuwar tukunya. Da butar lantarki nake tafasa ruwa ina juyewa a bahon wanka, kafin ta biyar ta tafasa ta farko ta huce. Da tawul nake gasa mata jiki. Ranar da na kunna turaren wuta kuwa, wani abu a silin ya fara ihu kamar ana yanka shi. Na suri jaririya na yi hanyar ƙofa ba ɗankwali. Hadiza tana riƙe da ciki tana dariya, tana cewa, "Yaya, alarm ne, buɗe taga kawai."

Ihun nan ne ya haɗa ni da maƙwabciyarsu, Hajiya Memuna, mutuniyar zangon Kumasi, mai aikin share ofisoshi. Hausarta ba ta san mace ba, kowa "kai" ne. Ta leƙo ta dubi jakata mai ratsin ja da shuɗi a lungu, ta ce, "Hajiya, kai ma da jakar da kuka kore mu da shi daga ƙasarku ka zo? To barka, yanzu duk mun zama baƙo." Daga ranar ta zama idona a garin. Ita ta kai ni Tottenham inda ake samun kaza mai ƙwari, don kazar kantinsu kafin albasa ta nuna ta zama auduga. Ita ta nuna mini shagon Turkawa mai naman halal, ita ta koya mini tuƙa tuwo da garin shinkafa na kwali. Ita kuma ta hana ni gaida mutane a bas, bayan na yi wa wata tsohuwa ina kwana ta ƙanƙame jakarta.

Habibu ranar Lahadi kaɗai yake zuwa. Ya rame, ya tara suma, amma har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni, kuma in aka yi sallah shi yake jan mu in mijin Hadiza yana asibiti. Hakan ya kwantar mini da hankali kaɗan. Amma duk sanda na ce ya kai ni in ga wurin aikinsa, sai ya sami abin kallo a fuskar jaririya.

"Yaya, ai ba abin gani. Wannan satin ma na yi busy. Sai wani satin."

Na tambayi Hadiza. Ta ce ita ma ba ta taɓa zuwa ba, wai a nan ba a bin diddigin mutum. Na ce ni ba 'yar nan ba ce. Sati uku ana wani satin. In na tashi da safe abin da nake fara lissafawa shi ne kwana nawa suka rage mini, da abin da zan tsaya in ce wa Inna.

Wata Lahadi maɓallin kwat ɗinsa ya cire, na karɓa zan ɗinke masa. A aljihu na ji wani ɗan kati. Hoton buɗaɗɗen littafi ne a jiki da alƙalamin gashin tsuntsu, sai adireshi a ƙasa. Allah Ya yafe mini, na soke shi a bakin zanina.

Ranar Juma'a Hajiya Memuna ta kai ni babban masallacin da ke gefen Regent's Park. Na ga Musulmi kala-kala, har wata Baturiya a gefena da ta fi ni iya zaman tahiya. Na roƙi Allah Ya sa laburare zan tarar. Da aka idar na nuna mata adireshin da ke kan katin, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Matakalar nan mai tafiya da kanta ta kama bakin zanina, Hajiya Memuna ta fizge shi tana cewa, "Ɗaga ƙafa, Hajiya, ba ya jiran mutum." Ga mura da nake fama da ita, ga iskar ramin mai warin ƙarfe, kafin mu fito cikina ya hautsine. Ta raka ni har bakin layin, ta nuna mini wata ƙofa mai koren fenti, ta wuce wurin aikinta. Wajen ƙarfe uku ne na rana.

Na tura ƙofar da sallama. Littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, tsofaffi masu jan bango. Kujerun fata, fitilu marasa haske sosai, wata tsohuwar tafireta a kan teburi. Bango cike da hotunan Turawan da, masu gemu da gashin baki, kowanne ya yi tagumi. Mutum huɗu ne a zaune a can gefe, suna magana ƙasa-ƙasa, ɗaya yana karanta wa sauran wani abu daga takarda. Na ce alhamdu lillahi a fili. Har na fara shirya yadda zan kwatanta wa Inna tsayin kantocin.

Wata dattijuwar Baturiya mai furfura, da tabarau a rataye a wuya, ta fito daga ɗakin ciki. Ita ce mai wurin. Da na ce ni yayar Habibu ce, ta kama hannuna biyu. Ta ce ya ɗan fita sayo ƙanƙara, yanzu zai dawo. Ta ce yaro ne mai hankali, ya fi duk masu zuwa nan karatu. Ta zaunar da ni kusa da abin ɗumama ɗaki, ta koma wurin mutanen nan huɗu.

A kan teburinsu akwai wani tulun gilashi mai dogon wuya, cike da ruwan ƙanƙara, da 'yan famfuna a jikinsa. Ta kawo kofuna, kowanne da ɗan koren ruwa a gindinsa, kore shar kamar ɗanyen zogale. Ta gitta wani faffaɗan cokali mai huji-huji a bakin kofi, ta ɗora ƙwayar sukari, ta murɗa famfo kaɗan. Ruwa ya riƙa ɗiga ɗis, ɗis, yana narkar da sukarin. Ina kallo koren nan ya fara yin gajimare, har ya koma fari-fari kamar an tsinka nono.

Sai ƙamshin ya iso ni. Duk da murar, na gane shi. Akwai wani zaƙi-zaƙi a sama, irin na maganin ciwon cikin jarirai na kwalba, amma a ƙarƙashinsa tazargade ne. Da safiyar ranar ma na jiƙa shi da hannuna. Sati uku ban ji abin da ya san ni a garin nan ba sai shi. Da matar ta zo wucewa na ce mata muna da ganyen nan a gida, magani ne, muna sha don zazzaɓi da ciwon ciki.

Ta yi murna kamar na ba ta kyauta. Ta ce ƙwarai kuwa, su ma asalinsa magani ne, har sojoji aka riƙa ba wa don zazzaɓi. Ta ce absin ake ce masa, ya daɗe ba a ganinsa a ƙasar, kwanan baya ya dawo. Ta ce ko zan gwada?

A nan nake so ku tsaya ku yi mini adalci, ko ku ƙi. Ni abin da na sani giya shi ne kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, da kiɗa, da wari, da mutum yana tangaɗi a bakin kwata idan mota ta bi da mu ta Sabon Gari. Ban taɓa jin an sha ta da cokali da sukari a gaban littattafai, da rana tsaka, cikin ladabi ba. Kuma a gidanmu an koya mana baƙo ba ya mayar da ruwan da aka fara miƙo masa, balle daga hannun wadda ɗan'uwanka yake ci a ƙarƙashinta. Tambaya guda ce ta rage in yi, kuma na iya ta da Turanci. Ban yi ba. Kunya ta hana ni.

Ta haɗa mini nawa a gabana, ɗis, ɗis. Na karɓa da hannun dama. Na yi bisimilla. Na kurɓa.

Sanyi ne ya fara zuwa, sai ɗaci, sai wata wuta ta bi maƙogwarona har ƙirji. Tazargade ba ya haka. Kafin in sauke kofin ƙofa ta buɗe, Habibu ya shigo rungume da buhun ƙanƙara. Ya dube ni, ya dubi hannuna. Ban san sanda ya tsallake ɗakin ba. Ya buge kofin, ya daki kantar littattafai ya tarwatse.

"Yaya, kin haɗiye?"

Fuskarsa ta riga ta gaya mini abin da na haɗiye.

Matar ta dafe baki. Ta shiga ba da haƙuri, ta ce ta ɗauka na sani, tun da a nan ƙanena yake aiki. Ban ga mugunta a idonta ba, har yau kuma ban riƙe ta ba. Habibu ya ja ni ciki zuwa wurin famfo. A nan na ga ɗakin da ban gani ba daga waje: dogon kanta, da kwalabe jere a bayansa har sama, sun fi littattafan ƙyalli. Na kuskure bakina ban san sau nawa ba. Na sa yatsa a maƙogwaro, ba abin da ya fito sai hawaye. Abin da yake ta dawo mini shi ne sunan Allah da na ambata a kai.

Muka fita ta ƙofar baya, muka tsaya a wani lungu wurin kwandunan shara. Yayyafi ake yi.

"Wannan ne littattafan?"

"Yaya, wallahi ban taɓa kai shi bakina ba. Haɗawa kawai nake yi."

Ya ce har kala goma sha wani abu suke haɗawa da koren ruwan nan, wani da lemon tsami, wani da giya mai kumfa, wani da ƙwai. Kowanne an sa masa sunan ɗaya daga cikin marubutan da ke jikin bango, don su ne suka shahara da shansa. Masu zuwa, in ji shi, yawanci masu son su zama marubuta ne, suna ganin in sun sha abin da na da suka sha za su rubuta abin da suka rubuta. Na ce su na bangon yaya suka ƙare? Ya ce wasu haukacewa suka yi, wasu suka mutu da ƙuruciya a tsiyace.

"Wato waɗanda abin ya kashe ne kuka rataye, don a ji daɗin sha."

Sai ya ce ya gwada gadi, ya gwada wanke-wanke a otal, duk ba sa barinsa ya yi karatu. Matar nan kuwa ta ba shi makulli, da safe shi kaɗai ne da littattafan, a nan ya rubuta rabin kundinsa. Wata shida suka rage masa.

"Ki ce wa Inna a cikin littattafai kika same ni. Ai ba ƙarya ba ce."

"Ba gaskiya ba ce kuma."

"Jininta zai hau, Yaya. Kin san ta." Ya kawar da kai. "Abin da ya faru yau ma, ni ba wanda zai ji a bakina. Ya tsaya tsakaninmu."

Wannan maganar ta fi kurɓin ƙona ni. Yaron da na goya ne yake tayin mu rufa wa juna asiri, ni da nawa, shi da nasa. Abin tsoron shi ne na ji tayin ya yi mini daɗi.

Shi ya mayar da ni gida a bas. Sauran kwanakina a Landan ban san yadda suka wuce ba. Na daina taɓa ƙullin tazargade, Hadiza take jiƙa abinta. Ina jin ana cewa wanda ya sha ba a karɓar sallarsa kwana arba'in, sai na zama ina ƙirga arba'in biyu, na mai jego da nawa. Hajiya Memuna ta lura. Ta ce, "Hajiya, tun ranar nan ka daina dariya. Ɗan'uwanka ya yi aure a ɓoye ne?" Na ce ina ma.

A filin jirgi Habibu ya ɗaukar mini jaka har inda aka tsayar da masu rakiya. Ya ce, "Yaya, me kika yanke?" Na ce ban sani ba. Gaskiyata ke nan a lokacin.

Maigidana na fara gaya wa, a ranar da na sauka. Ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, sallata tana nan, in daina azabtar da kaina. Na ce to na Habibu fa? Ya ce wannan ba shi aka aika ba.

Na je na gaida Inna da 'yan rakiya, aka baje tsaraba, aka kalli hotunan jaririya. Ba ta tambaye ni ba a gaban mutane. Kallo ɗaya ta yi mini. Kwana uku ina kewaye-kewaye, yau ciwon kai, gobe baƙi. A rana ta huɗu da hantsi na same ta ita kaɗai a kan tabarma tana tsince wake. Na tambaya ko ta sha maganinta, ta ce ta sha. Na zauna. Na fara da nawa, don in na fara da nasa zan iya tsallake nawa. Na faɗi cokalin, da sukarin, da bisimillar. Sannan na faɗi ɗakin ciki da kwalaben, da wanda yake tsayawa a bayan kantan. Tayin da ya yi mini a lungu ma ban rage ba.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ina kallon jijiyar wuyanta, ina jiran in ga ta inda za ta faɗi.

"Ke da na aika ki gano, ke kika sha."

"Ni na sha, Inna."

"Shi ya haɗa miki?"

"A'a. Shi ya buge kofin."

"Ya fashe?"

"Ya fashe."

"A gaban uwar ɗakin nasa?"

"A gabanta, da baƙinta."

Ta share ido da bakin mayafi.

"To da sauransa," in ji ta. "Ɗauko mini rikoda."

Na ɗauko, na sa sabon kaset mai awa guda, don akwai mai komawa Landan a satin. Na danna, na gyara zama, na ɗaure zuciyata don abin da zan ji. Na ɗauka za ta yi faɗa har gefe ya cika a juya, ina addu'ar kada dai ta kai ga baki. Ta matso da bakinta kusa, ta yi gyaran murya.

"Habibu, ni ce. Na ji ka ƙwace a bakin yayarka, Allah Ya yi maka albarka. Waɗanda kake miƙa wa kullum, su ma akwai wadda ta goya su."

Kaset yana ta juyawa. Na jira. Ta mayar da hannu cikin wakenta.

"Kashe, Rabi. Ya ji."